Agwagin Zamfara Sun Yi Gargaɗi, Wa Ya Saurara?

A garin Hermanus da ke bakin teku a Afirka ta Kudu akwai wani ma'aikaci da aikinsa ya yi kama da na sankira a fadojinmu. Yakan zaga gari da ƙaho a hannu. Da zarar an hango ƙatuwar dabbar tekun nan da Turawa ke kira wel, Larabawa kuma ke kira hut, sai ya busa domin baƙi su san ɓangaren gaɓar da za su nufa. Daga watan Yuni zuwa Nuwamba, lokacin da waɗannan dabbobi ke matsowa kusa da gaɓa domin haihuwa, garin yakan cika da mutanen da suka biya kuɗin tafiya da na masauki da na jirgin ruwa domin su yi kallo kawai. Ba su kamawa, ba su yankawa, ba su komawa gida da ko tsoka ɗaya.

Wannan sana'a ba ta daɗe a duniya ba. A 1955 wani masunci a San Diyego ta ƙasar Amurka ya fara ɗaukar mutane a jirginsa kan dala 1 kowane mutum, yana kai su inda za su ga wel. A lokacin manyan jiragen ƙasashe da dama farautar dabbar suke yi domin mai da nama, har wasu nau'o'inta suka kusa ƙarewa, kafin haramcin farautarta don kasuwanci ya fara aiki a 1986. Zuwa 2008, kamar yadda wani rahoton ƙungiyar kare dabbobi ta IFAW ya nuna, mutum miliyan 13 ne suka fita kallon wel a ƙasashe da yankuna 119, suka kashe kuɗin da ya haura dala biliyan 2. Dabbar da ake kashewa sau ɗaya a sayar, sai ga shi tana ciyar da garuruwa shekara da shekaru tana raye.

Na san abin da mai karatu a Anka ko Gummi ko Bukkuyum zai ce. Zai ce malam ya ƙoshi. Mutumin da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya harajin 'yan bindiga, wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ina shi ina kallon dabbobin ruwa? Ga shi kuma tsakaninmu da teku tafiyar ɗaruruwan kilomitoci ce. Wannan magana tana da nauyi, kuma zan dawo kanta. Abin da nake so in kafa shi ne, kallon halittun ruwa da lura da su aiki ne na tsare rai, kuma a duk faɗin Nijeriya babu yankin da ya biya tsadar rashin wannan lura kamar yammacin Zamfara.

Gulbin da muke da shi

Ba mu da teku, amma muna da gulbi. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, ya shiga jihar Kebbi, inda ake kiransa Gulbin Gindi a wajen Jega, sannan ya zuba a kogin Sakkwato. A kudu da shi kuma ga Gulbin Ka. Ruwan duka biyun yana ƙarewa ne a kogin Kwara, wato Neja, inda har yau ake samun dorina a wajen Yawuri, ake kuma samun ayu.

Ayu shi ne mai kama da wel a ruwanmu ta fuskar yanayin rayuwa. Dukansu a ruwa suke rayuwa, amma iska suke shaƙa, kuma suna shayar da 'ya'yansu nono. Ayu ciyawa yake ci, ba ya faɗa da kowa, kuma macen takan ɗauki ciki kimanin shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tak. Dabbar da haihuwarta ke da nawa haka, idan aka matsa mata da farauta ba ta iya mayar da gurbin abin da aka kashe. Dokar Nijeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta hana farautarsa, kuma tun 2013 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Duk da haka, yawancinmu ba mu san ayu ba sai a kwalba, a matsayin man ayu da ake tallarsa cikin kayan mata. Mun san farashinsa, ba mu san kamanninsa ba.

Safiya ɗaya a kwale-kwale

Shekaru kaɗan da suka wuce, a farkon watan Oktoba, lokacin da damina ke ban kwana kuma gulbi na cike, na roƙi wani dattijo mai fito a Gummi ya ɗauke ni a kwale-kwalensa. Na ce masa ba ƙetarewa zan yi ba, so nake mu bi gefen ruwa a hankali in ga abin da ke ciki. Ya dube ni kallon da ake yi wa ɗan boko, ya karɓi kuɗinsa, muka tashi bayan sallar asuba.

Abu na farko da mutum ke lura da shi a kan ruwa da sassafe shi ne sauti. Kafin gari ya waye sosai, kirinjijiya suka wuce ta samanmu a jere suna fito irin nasu. Zakaran ƙeƙuwa ya hango mu daga kan yashi ya ɗaga murya, ya tona mana asiri ga duk wani mai fukafuki da ke kusa. Balbelu suka tashi daga bishiyar da suka kwana, farare fat, suka nufi inda shanu suke. A cikin ruwa marar zurfi zalɓe na tsaye, bai motsa ba har muka zo daf da shi, sannan ya buɗe fukafukai ya tashi da nauyi kamar wanda aka katse wa tunani. Wani ɗan tsuntsu mai zanen fari da baƙi ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, ya faɗo ruwa kamar jifa, ya fito da ɗan kifi a baki.

Da rana ta ɗan ɗaga, sai ga guza ta baje a kan wani kututture tana shan hantsi. Furannin bado suka buɗe a wani lungu da ruwa ya kwanta, kainuwa na bin gefen kwale-kwale. A fadamar shinkafa yara na kaɗa gwangwani suna korar jan-baki. Can sama kuma shamuwa sun taru suna kewaya, suna shirin tafiyarsu ta shekara zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda za su zauna har sai wata damina ta kira su. A daidai wannan lokaci ne kuma wasu baƙin ke isowa daga Turai bayan sun ƙetare Sahara, su yi rani a fadamunmu. Gulbin da muke ɗauka na ƙauye ne, ashe zango ne a kan babbar hanyar da ta haɗa nahiyoyi.

Duk wannan bai kai ga abin da na ji daga bakin dattijon ba. Da filafili a hannu, yana karanta ruwa kamar yadda alaramma ke karanta allo. Ya san zurfi daga launin ruwa, ya san inda kifi ya taru daga tsuntsun da ke shawagi a wurin. Ya nuna mini gurbin da tarwaɗa ke so, da inda ake samun kurungu da ƙarfasa, da irin taɓon da gaiwa ke shiga ta binne kanta idan ruwa ya janye, ta zauna tana cin jikinta har damina ta dawo. Sannan ya shiga lissafa mini abin da ya gani yana yaro wanda yanzu ba ya gani: gauraka da ke sauka bibbiyu a fadama, garken dinya, kada a manyan gurabe, da giwan ruwan da sai mutum biyu sun ɗauka. Da na tambaye shi yaushe suka ɓace, sai ya ce babu wanda ya riƙe ranar, an dai wayi gari an ga babu. 'Ya'yansa kuwa babu wanda ya gaji fito: wani yana ramin zinariya, wani yana acaɓa a birni.

Maganar gauraka ba tasa ba ce shi kaɗai. Tsuntsun nan mai tukku kamar kambun sarauta, wanda ake ajiyewa a gidajen sarakuna da attajirai, kuma wasu ke ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa, ya kusa ƙarewa a dazuka da fadamun Nijeriya saboda kamawa da kuma lalacewar wuraren da yake ƙwai. Ya tafi a gaban idonmu, ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba a yawancin garuruwan da ya bari.

Shekarar da agwagi suka mutu

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka tarar da yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna farfaɗiya suna suma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba su yi musu aiki. Bincike ya gano gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa domin neman zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gidaje ana daka shi ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Sunayen Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega suka shiga jaridun duniya. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, kuma aikin Bagega bai samu ba sai a 2013.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wadda jami'anta suka zo binciken, ta ba da labarin cewa tun kafin a gane abin da ke kashe yaran, agwagin yankin sun fara ɓacewa. Mutane sun lura agwagi sun ragu, amma babu wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Agwagwa tana kiwo a ƙasa, tana tsotsar taɓo a kududdufi, don haka ita gubar ta fara kamawa. Ruwa ba ya tsami banza. Da akwai wanda aikinsa ne ya lura, ya ƙirga, ya kai rahoto, da mutuwar agwagi ta zama ƙararrawa.

Ba laifin mutanen ƙauye ba ne. Sun gani da idonsu, kuma sun tuna. Abin da babu shi ne hanyar da ganin talaka zai bi ya isa teburin likitan dabbobi ko jami'in lafiya. Har yau wannan hanya ba ta ginu ba, alhali haƙar zinariya ba ta tsaya ba. Ana wanke ƙasar ma'adini a kududdufai da bakin rafuka, ana amfani da zaiba wajen tattara zinariya, kuma ruwan sama yana kwashe abin da ya rage ya kai gulbi. A kogunan Arewa da dama an san masu zuba gamalin a ruwa domin kifi ya taso, da masu su da gidan sauro wanda ba ya barin ko 'ya'yan kifi. Idan guba ta shiga gulbi, kifi da tsuntsu ne za su fara sanarwa, sannan mai cin kifin.

Mu da muka taso da karatun Alƙur'ani ba baƙi ba ne ga wannan darasi. A cikin Suratun Namli an ba mu labarin Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana bincikar rundunar tsuntsaye, har ya gane alhudahuda ba ya nan, ya kuma nemi dalili. Sarkin da aka hore wa iska da aljannu bai ɗauki rashin tsuntsu ɗaya ƙaramin abu ba. Mu kuwa garke guda ya ɓace mana ba mu tambaya ba.

Kwale-kwalen da ke kai mu, shi ke kifewa da mu

Ba zai yiwu a yi maganar shiga gulbi a Gummi ba tare da tuna ranar Asabar 14 ga Satumba, 2024. Makonni kaɗan bayan ambaliyar da ta raba dubban mutanen garin da gidajensu, kwale-kwale ɗauke da manoma masu ƙetarewa zuwa gonakinsu ya kife, mutum fiye da 40 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Waɗannan bayin Allah neman abinci suka fita.

A ƙasashen da ake fita kallon wel, jirgi ba ya barin gaɓa sai an san adadin mutanen da zai ɗauka, an tanadar wa kowa rigar kariya daga nutsewa, matuƙi kuma yana da lasisi. An yi haka ne domin baƙo mai biyan kuɗi ba zai hau jirgin da bai amince da shi ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, tana da irin waɗannan ƙa'idoji a rubuce. Abin tambaya shi ne, don me ran manomin da ke ƙetare gulbi sau biyu a rana zai fi na ɗan yawon buɗe ido arha? Duk gyaran da za a yi wa harkar fito domin baƙo, ɗan gari ne zai fara cin moriyarsa, kuma shi ya fi cancanta.

Abin da maƙwabta suka gwada

Ba sai mun je bakin teku neman misali ba. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Da aka hana farautarsu, aka kuma mayar da 'yan ƙauyukan yankin masu yi wa baƙi jagora suna samun abin kai wa gida, adadinsu ya haura 600 cikin shekaru kusan 20. A nan gida, mutanen Argungu sun hana su a Matan Fada sai lokacin biki, kuma wannan tsari na gargajiya a ƙarƙashin Sarkin Ruwa shi ya riƙe bikin da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. A dausayin Haɗeja da Nguru kuma, masana na fita ƙidayar tsuntsayen ruwa, kuma an san wurin a duniya saboda haka.

Kure tana da wani darasin mai ɗaci. A watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, baƙi suka ɗauke ƙafa. Wannan ya dawo da mu ga ƙorafin mai karatu na farko. Gaskiya ne, muddin dajin Gando da makamantansa na hannun 'yan bindiga, muddin ba a manta da kisan da aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Janairun 2022 ba, babu baƙon da zai zo kallon tsuntsu, kuma babu mai hankalin da zai gayyace shi. Sai dai kuɗin baƙi riba ce da ke zuwa daga baya. Uwar kuɗin ita ce sanin abin da ke cikin ruwanmu, kuma wannan ba ya jiran baƙo. Idan muka jira sai tsaro ya dawo, dattawan da suka san gulbi sun riga sun tafi da iliminsu.

Abin da za a iya farawa da shi

Na farko, a rubuta abin da masunta da masu fito suka sani. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da jami'ar jiha a Talatar Mafara, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da ɗalibai 'yan asalin waɗannan garuruwa da ke neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Ɗalibin kimiyyar halittu da na sashen Hausa za su iya zama gaban dattijo ɗaya, wannan ya rubuta sunan kifi da tsuntsu da lokacin zuwansa, wancan ya rubuta kirarinsa da karin maganarsa.

Na biyu, a fara ƙidaya a inda ake iya zuwa lafiya, wato mashaya da bakin fito da fadamun da ke jikin gari. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a kowane watan Janairu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda 'yan sa-kai ke tura abin da suka gani ta wayar hannu. Malamin sakandare ɗaya da ɗalibai goma da littafin rubutu sun isa su sa Gummi a wannan taswira.

Na uku, a buɗe hanyar kai rahoto. Idan kifi ya taso matacce, ko agwagi da kaji suka fara mutuwa ba dalili, mai unguwa ya san wanda zai kira a ƙaramar hukuma, wanda aka kira kuma ya san aikinsa ne ya ɗebi ruwa da ƙasa a kai gwaji. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin bai kai kuɗin kankare gida ɗaya a Bagega ba.

Na huɗu yana hannun iyayen ƙasa. Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum suna da sarakunan ruwa, kuma maganarsu tana da tasiri a bakin gulbi fiye da takardar ofis. Suna iya keɓe wasu gurabe a hana su a cikinsu lokacin da kifi ke ƙwai, su hana zuba guba, su ƙayyade adadin mutanen da kowane kwale-kwale zai ɗauka. Gwamnatin jiha da 'yan majalisar yankin kuma su samar da rigunan kariya a kowane bakin fito, a ɗora alhakin kula da su a kan wani sananne.

Idan an yi waɗannan, baƙin farko da ya kamata a ɗauka a kwale-kwale su ne 'ya'yanmu. A sa musu rigar kariya, a biya mai fito kuɗin koyarwarsa kamar yadda ake biyan kowane malami, ya nuna musu zalɓe da kirinjijiya da gidan gaiwa. Yaron da ya san adadin agwagin kududdufin unguwarsu shi ne zai fara tambaya ranar da suka ragu, kuma tambayarsa tana iya tsare ran ƙaninsa. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, Ya ba mu idon lura da amanar da Ya ajiye a ruwanmu.